Furannin da suka tsira a hosh dina bayan hutun bara, da yadda ake shuka su a zafin Jidda

Bara da muka dawo daga Kano karshen watan Agusta, saura kwana hudu yara su koma makaranta, ko akwati ban tsaya budewa ba na zarce hosh, wato tsakar gida, in ga halin da shukokina suke ciki. Kwana 42 muka yi. Na bar wa harisin gidanmu, wato mai gadi, sallahu da dan kudin shayi akan ya dinga zuba musu ruwa kullum, shi kuma bawan Allah sai randa ya tuna, wani lokacin sati guda cur, ban ma tsaya bin ba'asi ba dan wanda ya san zafin Jidda a watan Agusta ba zai ga laifin mutum sosai ba. Shuka 19 na bari, wasu a tukunya wasu a kasa jikin katanga. Guda 11 sun zama karare, ki taba ganyen ya marmashe a hannunki kamar busasshen zogale. Amma guda 8 suna nan daram, kuma abin mamaki hudu a ciki fure ne dankam a jikinsu kamar ma sun ji dadin tafiyata.

Tun daga ranar na daina sayen fure dan kyansa a mashtal, wato inda ake sayar da shuke shuke, sai na tambayi kaina tukun wannan zai iya kwana biyar ba ruwa a watan takwas? In ba zai iya ba ko kyauta aka bani bana dauka. Toh ga abin da na koya, mata nake wa magana amma maza masu son shuka kuma ku matso kusa.

Abu na farko da ya kamata ki cire a ranki shi ne lissafin gida. A Kano watan Agusta marka ake, ko sanda kika soka a kasa sai ta yi tsiro, ruwan da ake yi a wannan watan kadai ya ninka na Jidda na shekara guda sau da yawa. Nan ruwan shekara gaba daya ko milimita 100 baya kaiwa, dan abin da ake samu ma sai wajen Nuwamba zuwa Janairu. Agusta da Satumba kuwa zafi ne da rutuba, wannan danshin da kike fitowa daga mota gilashin idonki ya yi hazo. Makka ta fi mu zafi, ana haura digiri 43 ba wani labari bane, Madina ma haka sai dai nasu busasshe ne. Sannan ki daina biye wa hotunan da kike gani a waya na lambunan Ingila da Amurka, furannin nan masu tulin kai shudi shudi, nasu karshen bazara ne mai sanyin yamma, in kika kawo su nan kudinki kika kona. Ko wardin Da'ifa da ake ta yabo, a saman dutse yake inda ake da sanyi, kuma watan Maris da Afrilu yake furensa, ba abokin tafiyar hosh din Jidda bane a watan takwas.

Wadda ta fi bani mamaki a cikin wadanda suka tsira ita ce tikoma. Haka ake ce mata a mashtal, kuma kin santa ko baki san sunan ba, ita ce mai furen nan rawaya kamar bakin kakaki da baladiyya, hukumar gari, ke shukawa a tsakiyar titi. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Riyal 15 na sayeta tana yar karama, yanzu ta fi ni tsawo. Ita zafi ne ma yake tada ta, tun daga bazara take fure har sanyi ya shigo. Aikinta daya ne kawai, in furen ya zube tana fitar da wasu dogayen kwanso kamar na wake, toh ki dinga cire su da almakashi, in kika barsu sai ta maida karfinta wajen yin iri ta rage fure, ga kuma ya'yan su bi iska su tsiro miki a ko ina. In ta yi tsawo ta zama sangarmemiya ki rage mata kai wajen watan Fabrairu, zata fito a cike.

Sai dafla. Ita ma a titi kike ganinta, dogon ganye siriri mai kauri, fure ruwan hoda ko fari ko ja. Bata damu da gishirin ruwa ba, bata damu da kura ba, bazara gaba daya tana fure. Amma ki saurare ni da kyau, dafla guba ce tun daga saiwa har fure, ganyenta kadan yana iya kashe akuya, yaro ma in ya tauna sai asibiti cikin gaggawa, har hayakinta in aka kona ba lafiya bane. Kar a yi asuwaki da ita, kar a yi tsinken tsire da reshenta, kar a hada ta da gawayin gashi. Ni tawa a waje take jikin kofar gareji inda yara basa wasa, kuma in zan yanke ta safar hannu nake sawa. In kina da masu rarrafe ko kuma maigida na kawo rago ya daure a hosh kafin layya, hakura da ita kawai, akwai wasu.

Jahannamiyya kuwa, sunan ne dai ba dadi, wasu majnuna suke ce mata, wato mahaukaciya, dan yadda take haurawa katanga ba kai ba gindi. Ita ce boganbiliya din da muka sani a gidajen GRA a gida, asalinta Birazil, sunan wani matukin jirgin ruwa dan Faransa aka sa mata. Abin da mutane basu lura ba, wannan jan ko ruwan hodan da muke cewa fure ba shi ne furen ba, ganye ne mai launi, ainihin furen dan mitsitsi ne fari a tsakiya. Zan fada miki gaskiya, lokacin da ta fi cika da launi shi ne in zafi ya fara sauka har zuwa bazara, a tsakiyar Agusta takan dan ja baya, amma bata mutuwa kuma bata rasa launi gaba daya. Sirrinta wahala. Shekara biyu ina shagwaba tawa, ruwa safe da yamma, taki duk wata, ta yi kore shar kamar alayyahu amma ko fure daya babu. Wani dattijo da ke aiki a mashtal din da nake zuwa, mutumin Sudan ne amma Hausa a bakinsa tas, iyayensa yan Mai Wurno ne, na kai masa kuka nace Baba jahannamiyyata ta ki fure. Yace Hajiya sau nawa kike bata ruwa? Nace sau biyu a rana. Yayi dariya yace ai ke kika hana ta, ki barta sai kin ga ganyen ya fara langabewa tukun ki bata ta koshi, sannan ki sake mantawa da ita. Wallahi bayan wata daya da rabi sai ga launi ya fito ta ko ina. Tana da kaya masu kaifi, kar ki sa ta a hanyar wucewa ko kusa da igiyar shanya, ta taba yaga min abaya sabuwa dal. Kuma saiwarta bata son tabi, in zaki dasa ki yanka ledar ko robar da wuka ki ciro ta da kasarta a dunkule, kar ki fizgo ta ta wuya.

Wadda nafi so a raina dai lalle ce. Eh lallen da kika sani na kunshi. Da yawa cikinmu garinsa kawai muka sani a leda, bamu san bishiyar tana fure ba, kananan furanni ne farare a cure, ba wani kyan gani ba amma kamshin, in aka yi magariba iska ta dan motsa har falo yake shigowa. Larabawa fagiya suke kiran furen, kuma lallen Madina sananne ne tun da. Zafi baya damunsa ko kadan. Nawa reshe ne wata makwabciyata yar Gusau ta karyo min daga nata, tsawonsa kamar kamu daya da rabi, na soka a kasa mai danshi a inuwa watan Maris, cikin biyar uku suka kama. Gashi kina da fure, ga inuwa kadan, ga ganyen ki tsinka ki shanya ki daka ranar sallah. In ya tsufa yana yin yar kaya a karshen rassa, ba mai yawa ba.

Kariya ma tamu ce, duk wanda ya taso a kauye a arewa ya santa, mai katon gindi kamar karamar kuka da fure ruwan hoda. Nan wardus sahra suke ce mata ko adana, kuma a kudancin kasar nan wajen Jizan da kanta take fitowa a jikin duwatsu. Ruwa take ajiyewa a gindin nata shi yasa tafiyar wata guda bata dameta ba. Abin da ke kashe kariya kauna ce, ki dinga zuba mata ruwa kullum sai gindin ya rube ta ciki, kina matsawa kiji ya yi lubus, toh shikenan. A bazara sau daya ko biyu a sati ya isheta, da sanyi in ta zubar da ganye kar ki tsorata, barci take, ki rage ruwan sosai. Kasarta ta zama mai yashi da yawa. Ruwan jikinta shi ma guba ne, a wasu sassan Afirka da shi mafarauta ke shafa kibiya, dan haka a wanke hannu bayan an taba.

Lantana ba sai na dade a kanta ba. Gajeriya ce mai yaduwa, fure daya ki ga rawaya da lemo da ja a hade, malam buda littafi na son ta. Ganyen na da wani wari da ba kowa ke so ba, ya'yanta kuma kanana kamar kanya danye guba ne ga yara. In ta harde ki aske ta rabi ta dawo sabuwa.

Akwai wata da na kara bana bayan na gani a gaban wani masallaci, likofilam suke ce mata, ganyenta toka toka kamar an barbada mata gari, daga Teksas da arewacin Meksiko aka kawo ta. Ita wannan dabi'arta in danshi ya karu a iska sai ta fashe da fure ruwan makuba gaba daya jikinta, kwana kadan ya zube, ta sake jira. Kin ga kenan rutubar Satumba da muke kuka da ita, ita bikinta ne. Bata son taki, bata son ruwa ya kwanta mata, bata son inuwa.

Full din Jizan, farin furen nan da ake sarkafawa amare, na san ranki zai biya, kamshinsa ba a magana kuma a bazara yake fure, amma ba dan a tafi a bari bane, yana son ruwa akai akai da inuwar rana tsaka. Nawa yana cikin goma sha dayan da suka tafi. Haka katon jan furen nan dangin zobo da ake kawatawa da shi, shi kuma farin kwaro ne baya barinsa. Bitoniya da ire irenta da ake cika mashtal da su lokacin sanyi, na wata uku ne zuwa hudu, zafi na shigowa sun gama aikinsu, ba laifinki bane. Sannan in wani ya baki shawarar bishiyar bazromiya dan ta rufe miki katanga da wuri, kice a'a, bata da furen kallo kuma saiwarta bin bututun ruwa take tana fasa shi, ki jawo wa kanki rigima da mai gidan haya.

Yanzu yadda ake shukawa. Kar ki sayo yau ki dasa a wannan zafin. Mutanen kasar nan suna lissafi da tauraron Suhail, wajen 24 ga Agusta yake fitowa, daga nan suke cewa zafi ya fara karyewa, amma mu a Jidda sai Oktoba ake jin bambanci na gaske. Daga karshen Oktoba zuwa Fabrairu shi ne lokacin dashe, shuka ta samu wata hudu biyar tana kafa saiwa kafin wuta ta dawo. Wadda aka dasa a Nuwamba ita ce zata yi miki fure a Agusta ba tare da kin tsaya a kanta ba. Yanzu dai ki zaga ki gani da idonki wace ce ke fure a titi da gaban gidajen mutane, ki dauki hoto, in lokaci yayi ki nuna wa mai mashtal.

In kasa kike da ita, ki haka rami fadinsa ninki biyu na tukunyar da shukar tazo a ciki, zurfin kuma daidai da ita, kar ki binne wuyan. Yawancin hosh din gidajen nan in kika haka baraguzan gini zaki tarar, siminti da fasassun bulo, ki kwashe su tas. Ki cika ramin da ruwa ki gani, in ya wuce awa uku hudu bai tsotse ba akwai matsala, kara zurfi ko ki koma tukunya. Hadin kasa ni kashi biyu nake sawa na jan yashin noma da ake sayarwa a buhu, kashi daya takin tumaki da ya rube sosai ko bitmos, kasar shuka ta buhu mai rike danshi. Danyen taki kar ki kuskura, kona saiwa yake ga kuda ga tsutsa.

In kuma shagga kike, wato fulat a gidan bene, baranda ko saman bene kawai gareki, ko kuma haya ce kin san wata rana zaki tashi, toh tukunya. Babba, fadin bakinta kamar santimita 40 zuwa 50, dan karamar tukunya kafin azahar ta bushe. Ta kasa tafi, ko farar roba mai kauri. Bakar robar nan da ake sayar da shuka a ciki in rana ta daketa dafa saiwar take, ki taba jikinta da karfe biyu kiji. Dole a samu huji a gindi. Ki dora ta akan bulo biyu kar ta zauna kan tayil mai zafi, kuma ki lura da inda ruwan ke gangarawa kar ya dinga diga wa na kasa, mun taba yin sati bama gaisawa da wata baiwar Allah akan haka.

Ban ruwa kuwa bayan asuba ko bayan magariba. Da rana tankin da ke saman gida tafasa yake, in kika bude tiyo ki bar ruwan farko ya zube a bokiti sai ya huce, na taba kona lantana guda da ruwan tiyo karfe daya na rana, ganin idona ta kwanta. Ki bada ruwa mai yawa ya ratsa har kasa sannan ki bar kwana biyu ko uku, yafi ki dinga yayyafawa kullum, dan yayyafi saiwa a sama yake tsayar da ita, randa kika fasa kuma ta kone. Na tukunya a Agusta suna iya bukatar kullum ko bayan kwana daya, ki soka yatsa, in gaba biyu a bushe ne ki zuba. In kin ga wani fari fari a bakin tukunya ko saman kasa gishiri ne ya taru, musamman masu sayen ruwan wayit, wato ruwan tanka, sau daya a wata ki zuba ruwa sosai har ya dinga fita ta gindi ya wanke shi.

Ga ruwan kyauta da muke bari yana bin bango, ruwan mukayyif, wato AC. A rutubar nan mukayyif daya sai ya cika miki bokiti a yini, kuma ba gishiri a cikinsa. Lallen nawa ma abin da ya cece shi kenan bara, bututun mukayyif din dakin yara a kansa yake diga, duk da bama nan kanin maigida yana kwana a dakin. Yanzu na sa an kara wa bututun tsawo ya zagaya gindin shuka uku. Mai hali kuma ta sa a hada mata tankid, siririn tiyon nan mai diga da dan agogo mai batir a bakin famfo, kafin tafiya hutu ki gwada shi sati guda kina nan ki tabbatar yana aiki, ki sa sabon batir.

Ki rufe gindin shuka da busasshen ganye ko dusar katako kauri kamar yatsa uku, yana rike danshi. A tukunya ni duwatsu nake jerawa a sama saboda magen Jidda, kin san su, duk tukunyar da suka samu a bude sun samu bandaki. Takin zamani kar ki sa a tsakiyar zafi, sau biyu a shekara ya isa, Oktoba da Maris, dan kadan, a jika kasa kafin a sa a kuma jika bayan an sa. Aski mai yawa shi ma ba a Agusta ba, ganyen da kike son cirewa shi ke yi wa reshen inuwa.

Kwari, wanda zai fi damunki shi ne farin nan mai kama da auduga da ke makalewa a hammatar ganye, in kin ga tururuwa na hawa da sauka toh yana nan, su ke kiwonsa. Karamin cokali na sabulun wanke wanke a ruwa lita daya, ki fesa da yamma bayan rana ta fadi, kasan ganye musamman, ki maimaita bayan kwana biyar har sau uku. Man darbejiya ma yana yi, ana samunsa a mashtal da sunan nim, itacen nan dai da aka cika filin Arfa da shi. Dafla kuma wasu kananan kwari rawaya ne ke taruwa a sabon tsironta, ruwan tiyo mai karfi ya ishe su. In an yi guguwar kura ki wanke ganyen da yamma, da safe kiga sun washe.

Jiya da yamma ina dawowa daga bakala, kantin unguwa, na tsaya a wani fili da ba'a gina ba a bayan layinmu, tumfafiya ce ta fito a tsakiyar baraguzai, ushar suke ce mata nan, ta yi fure fari da makuba gwanin sha'awa ba mai bata ko digo. Har na ce wa autana ya tono min karama in kai hosh, yace haba Umma tumfafiya kuma, me Hajiyar Gusau zata ce in ta shigo. Na kyale ta dai, amma na gane wajen.